Yadda Na Zama Tafintan Mafitsarar Baba

Ni ne ɗan fari a gidanmu, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin mahaifina ba. Ina yaro "kai" nake, ko "wancan". Da na fara koyarwa a wata firamare a unguwar Maamobi da ke Ankara sai ya samu sauƙi, ya koma kirana Ticha, yadda masu koko da ƙosai na bakin titi suke kirana. Ba ma cin abinci a kwano ɗaya, ba ma zama a tabarma ɗaya. In yana da magana da ni sai ya faɗa wa mahaifiyata, wadda muke kira Mma, ita ta kawo mini, ko da kuwa ina tsaye a bakin ƙofa ina jin su. Wannan mutumin ne Allah ya ƙaddara zan zauna kusa da shi a ɗakin likita, gwiwata tana taɓa tasa, in faɗa masa da Hausa abin da ake son a yanke masa.

Baba mutumin ƙasar Sakkwato ne. Yana saurayi ya biyo fataken shanu har Ankara, ya ce zai yi damina ɗaya ya koma, bai koma ba. Ya zauna a Nima yana kiwon raguna yana sayarwa, garkensa a bayan gidan hayar da muke, gab da babbar kwata. Mma kuwa haihuwar unguwar Sabon Zongo ce, a nan Ankara. Hausarta ba ta damu da bambancin mace da namiji ba, tana kuma surka ta da harsunan Tuwi da Ga na mutanen ƙasar yadda ta ga dama. Tsawon aurensu yana gyara mata magana, ita kuma tana cewa "yoo", wato "to", ta ci gaba da abinta.

A ƙarshen shekarun alif ɗari tara da tamanin abin ya fara. Gidanmu ɗakuna ne barkatai a kewaye da tsakar gida ɗaya, Zabarmawa, Dagombawa, Mosawa da mu, ba kuma bayan gida a ciki, sai na unguwa inda ake bin layi. A irin wannan gida ba a ɓoye ciwo. Kowa ya ga Baba yana ɗaukar buta ya zaga bayan garke, ya daɗe, ya dawo, bai gama zama ba ya sake tashi. Mutumin da ya saba sahun farko a masallaci ya koma yana riskar raka'ar ƙarshe. Kowa ya sani, ba wanda ya ce komai. In an tambaye shi jiki sai ya ce, "Sanyi ne." Mma ta ce basir ne, domin a wurinta duk ciwon da ya sauka ƙasa da cibiya basir ne.

Magani kuwa bai yi mana wuya ba. Wani mai magani daga Nijar da ke shimfiɗa buhu a kasuwar Nima ya ba shi gari, ya ce a dama a koko. Wani malami ya yi masa rubutu. Mai gidan da muke haya, wani dattijo ɗan ƙabilar Ga mai son Baba ƙwarai, ya kawo masa saiwoyi a kwalba, ya ce a jiƙa su a afetashi, wato barasar da ake dafawa a gida. Baba ya yi a'uziyya, ya jiƙa su a ruwan famfo, ya sha har kwalbar ta fara wari, bai ga canji ba. Da ya kai ƙorafi, mai gidan ya daga kafaɗa ya ce, "Alhaji, ai ka zubar da maganin ka sha itacen."

Ranar wata Juma'a da hantsi fitsarin ya tsaya cak. Ina makaranta aka aiko mini. Na tarar da shi a durƙushe a bayan garke, gumi ya jiƙa masa riga, mararsa ta kumbura ta yi tauri, raguna sun kewaye shi suna jiran dusa. Bai dube ni ba. Ya ce wa bango, "A nemo tasi."

A babban asibiti wata nas mai jiki, wadda ba ta kai shekarun ƙanwata ba, ta ja labule, ta ce in riƙe masa hannu. Baba ya ce in fita. Nas ta ce in tsaya. Na tsaya, na juya fuska ga taga. Ta zura masa roba, sai na ji ƙarar ruwa yana zuba cikin kwanon ƙarfe, yana ta zuba kamar ba zai ƙare ba. Baba ya sauke wani dogon numfashi, ya fara sa wa yarinyar nan albarka. Ya sa wa iyayenta, ya sa wa kakanninta, ya roƙa mata miji nagari da 'ya'ya masu jin ƙai. Ni da na girma a gabansa ban taɓa samun rabin wannan ba. Ita kuwa ba ta jin Hausa. Ta tambaye ni ko zaginta yake yi.

Aka haɗa mu da likitan da ke duba irin wannan ciwo, wani Bafante mai sanyin murya. Baba yana jin Tuwin ciniki, zai iya sayar maka da rago gurgu da shi, amma ba ya jin Turanci, likita kuma ba ya jin Hausa. Haka na samu sabon aiki. Abu na farko da na fassara shi ne cewa likita zai sa safar hannu ya duba shi da yatsa, ta baya. Na zagaya, na ce, "Baba, wai zai duba ta inda basir yake fitowa."

"Ya duba mana."

"Da hannu zai duba."

"Ido ya ƙare ne?"

Da aka gama ya fito daga bayan labule yana ɗaure tazuge, muka hau motar hayar da ake kira torotoro muka sauka a Nima. A bakin gida ya ce, "Wannan yaron, da iyayensa suka kai shi makaranta, sun san aikin da zai yi ke nan?"

Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ƙashi, aka tsinko ɗan nama da allura aka kai ɗakin bincike. Muka yi ta zarya, shi da robarsa da jakar fitsari ɗaure a cinya a ƙarƙashin babbar riga. Ranar da sakamako ya fito likita ya zana mana hoto a takarda. Ya ce a ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji akwai wani ƙululu kamar goro, furostet sunansa, hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarsa. In mutum ya manyanta yakan kumbura ya matse hanya. A wurin yawancin tsofaffi kumburi ne kawai, sai a kankare shi ta ciki ko a yi tiyata a cire abin da ya toshe, mutum ya koma harkarsa. Na Baba ya kumbura, amma ba kumburi kaɗai ba ne. Akwai ciwon daji a ciki, ya kuma fara taɓa ƙashin ƙugu.

Na faɗa wa Baba wannan. Ya ce, "To, a cire goron."

Likita ya ce cire shi yanzu ba zai amfana ba, tunda abin ya riga ya fita daga ciki. Gasa ciwon da na'ura kuma sai a ƙasar waje. Amma wannan ciwon yana da abinci, in aka yanke masa abincin yakan lafa, wani lokaci shekaru. Abincinsa shi ne sinadarin mazantaka. Hanya biyu ce. Ko dai ya riƙa shan wata ƙwaya kullum, wadda sinadarin mata ce, tana iya kumbura masa ƙirji da ƙafafu, tana kuma iya daskarar da jini. Ko kuma a yi ɗan aiki, ba mai tsawo ba, a cire inda ake yin sinadarin. Likita ya nuna wurin a zanensa da bakin biro, ya dube ni, yana jira.

Na dubi silin. Na ce, "Baba, wai akwai ƙwaya."

"Na ga ya ɗaga yatsa biyu. Ɗayan fa?"

"Ɗayan aiki ne. Wai akwai wasu abubuwa guda biyu, waɗanda... wato su ne suke ba ciwon ƙarfi. To, in aka raba mutum da su..."

"Ticha."

"Na'am, Baba."

"Dandaƙa yake nufi?"

Na ce wa silin, "E."

Wannan mutum ne da ba a san yawan ragunan da ya dandaƙe da hannunsa ba. Ina yaro na sha jin sa yana lallashin mai saye, yana cewa dandaƙaƙƙen rago ya fi ƙiba, ya fi natsuwa, ba ya faɗa, ba ya bin tumaki, ya fi kowa jin daɗin duniya. Yanzu ya zauna yana kallon zanen likita kamar wanda aka karanta wa hukunci. Can ya ce, "Tambaye shi, shi an yi masa?"

Na tambaya. Likita ya yi dariya, ya ce a'a, amma da mahaifinsa ne, aikin zai zaɓa masa. Baba ya ce, "Allah ya ji ƙan mahaifin nasa." Na ce yana da rai. Ya ce, "Duk da haka."

Na ɗauka maganar za ta tsaya tsakaninmu uku. Kafin mako ya zagayo sai ga Baba ƙarami, ƙanensa mai fataucin goro, ya sauka daga Kumasi. Aka kira na'ibin limamin masallacinmu, aminin Baba. Aka rufe ƙofar ɗaki bayan La'asar, Mma tana zaune a bakin gado, ni a tsaye kusa da ƙofa, aka buɗe zama. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne har aka tashi ba wanda ya ambaci sunan abin da ake magana a kai. "Kayan" ake cewa. Wanda ya saurara daga waje zai ɗauka kaya aka kama mana a kan iyaka.

Baba ƙarami ya fi kowa zafi. Ya ce, "Yaya, a zuri'armu ba a taɓa binne mutum da ragi ba. Yadda aka kawo ka haka za a mayar da kai. Ka zo mu tafi gida, akwai wani tsoho a bayan Wurno, da layarsa ɗaya dutse ma yana fita daga mara."

"Rabonka da gida yaushe?" in ji Baba.

"An daɗe."

"To tsohon nan, tun muna yara tsoho ne."

Na'ibi ya gyara murya. Ya ce neman magani halal ne, in likita masani ya ce gaɓa za ta halaka jiki, babu laifi a rabu da ita. Ranar tashi kuma Wanda ya haɗa ƙasusuwa ba zai rasa inda aka ajiye saura ba. Amma shi abin da ya fi damunsa robar ce, domin mai jakar fitsari a jiki hukuncinsa na mai yoyon fitsari ne, sallarsa ta yi, sai dai bai kamata ya riƙa jan mutane salla ba. Baba yakan ja salla in liman da na'ibi ba sa nan. Na lura wannan ya fi taɓa shi a kan ciwon dajin.

Baba ƙarami ya dawo kan batunsa. Ya ce namiji namiji ne, ko da ya tsufa, akwai haƙƙin iyali. Ya faɗi haka yana satar kallon Mma, da alamar shi ne lauyanta.

Mma ta gyara ɗaurin kallabi. Ta ce, "Ei, Baba ƙarami, kar ka sa ni ciki. Kayan da kuke ta kuka a kai, ya daɗe da yin fansho. Ni mutum nake so, ba kaya ba."

Na'ibi ya shiga tari. Baba ƙarami ya kama duban farcensa. Ni kuwa na yi fatan ƙasa ta buɗe. Baba ya dube ta ya ce, "Sun daɗe. Kaya jam'i ne." Ta ce, "Yoo."

A ƙarshe ya zaɓi ƙwaya. Dalilinsa shi ne ƙwaya ana iya dainawa, wuƙa kuwa ba ta da gyara, kuma ban ga laifin wannan lissafi ba. Da farko abin ya yi kyau. Ciwon ƙugu ya ragu, bayan wani lokaci aka cire robar, fitsari ya dawo, ba da ƙarfi ba amma yana zuwa. Ya koma sahun farko. Sai ƙirji ya fara. Nonuwansa suka tasa, suna zafi in riga ta goge su. Ya daina cire riga in zai wanke raguna. Wata rana wata jikarsa ƙarama da ke zaune a cinyarsa ta kai hannu ta taɓa, ta yi ihu da murna ta kira uwarta ta zo ta gani. Daga ranar ya fara ɗaure ƙirji da tsohon rawani. Bayan haka ƙafarsa ta hagu ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga, ta yi zafi. Likita ya duba, fuskarsa ta canza, ya ce jini ne ya daskare, a dakatar da ƙwayar nan take, aka kwantar da shi.

A wannan kwanciyar aka gama shawara, ba kuma mu muka gama ta ba. A gadon da ke kusa da nasa akwai wani tsoho Bazabarme mai sayar da albasa a kasuwar Agbogbloshie, wanda aka yi wa aikin da daɗewa, ya dawo ne don ciwon suga. Na zo da abinci na tarar sun haɗa kai suna magana ƙasa-ƙasa. Da na matso suka katse maganar. Daga baya Bazabarmen ya faɗa mini abin da Baba ya tambaye shi. Bai tambayi zafi ba, bai tambayi mutuwa ba. Ya tambaya ko murya tana sirancewa, ko gemu yana zubewa, ko kuma mutane suna ganewa daga tafiya. Tsohon ya ce ya karanta masa Fatiha da ƙarfi ya ji muryar, ya ba shi gemu ya ja, sannan ya tashi ya yi tafiya har ƙarshen ɗaki ya dawo.

Da likita ya zo zagaye Baba ya ce mini, "Faɗa masa ya wasa wuƙarsa." Na fassara da cewa mahaifina ya amince da aikin.

Aikin bai daɗe ba. Abin da ya daɗe shi ne shawarar me za a faɗa wa Nima. Mma ta ce a ce ƙaba ce. Baba ya ce ƙaba ciwon 'yan dako ne. Aka tsaya a kan "aikin mara", wanda ba ƙarya ba ne, ba kuma bayani ba ne. Mutane suka yi ta zuwa dubiya da lemo da burodi, kowa ya ce Allah ya ƙara sauƙin mara, da irin fuskar da ke nuna an san komai. Baba ƙarami ya yi fushi ya daina zuwa, har sai da Babbar Salla ta matso yana neman rago.

Murya ba ta sirance ba, gemu bai zube ba. Abin da ya zo shi ne zafi. Yana zaune lafiya sai gumi ya karyo masa, ya kama fifita kamar an hura masa wuta a ciki. Mma, wadda ta wuce wannan zangon da daɗewa, lokacin da al'ada ta ɗauke mata, ba wanda ya ce mata sannu, takan miƙa masa mafici ta ce, "Yi haƙuri, Alhaji, yana wucewa. Mu ma haka muka yi." Ya yi ƙiba kaɗan. Ya rage faɗa da yaran gida. Ban taɓa ce masa komai game da wannan ba, shi ma bai ƙara yi wa mai saye wancan bayani na raguna a gabana ba.

Ya samu shekaru masu kyau bayan haka, fiye da yadda na zata. Ya aurar da ƙanwata ta ƙarshe, ya ga an sa wa gidanmu lantarki mai mita, ya ja salla ba adadi. Tsofaffin unguwa suka gano hanyar garkensa. Mutum zai zo ya yi ta taya rago da ba shi da niyyar saye, sai can ya ce wani abokinsa ne fitsari yake wahalarwa. Baba yakan ce, "Ka faɗa wa abokin naka ya je a duba da wuri. Na wasu kumburi ne kawai, kankarewa ake yi. In ya tsaya jiƙa itace, zai je lokacin da zaɓin ya ragu." Sannan ya ƙara da cewa, "Ka kuma faɗa masa likitan da yatsa yake dubawa, kar ya ce ban gaya masa ba." Wasu sun je. Wasu sun ji maganar yatsa sun koma wurin mai buhu.

A tsakiyar shekarun casa'in ciwon ya farka. Ya fara da baya, ya sauka cinya, har tashi daga tabarma ya zama aiki. Muka koma wurin likitan, wanda yanzu ya yi furfura a gefen kai. Ya duba hotuna ya daɗe. Ya ce ciwon ya koyi rayuwa ba tare da abincin nan ba, abin da ya rage shi ne a rage masa zafi, a bar shi a gida cikin mutanensa. Wannan karon ban dubi silin ba. Na faɗa wa Baba yadda aka faɗa.

Ya ce, "Yatsa nawa ya ɗaga?"

"Bai ɗaga ba, Baba."

"To, alhamdu lillahi. Ba sai an kira taro ba."

Ya miƙa wa likita hannu biyu, ya yi masa godiya da Tuwinsa na kasuwa, ba ta bakina ba. Da muka shiga tasi ya ce wa direba ya bi ta bakin teku. Ya fi rabin rayuwarsa a Ankara, amma sai a ranar na san bai taɓa zuwa ya tsaya a gabansa ba, daga nesa kawai yake hango shi. Direba ya tsaya inda masunta suke jan koma. Na buɗe masa ƙofa, bai fito ba, ya zauna da ƙafa ɗaya a waje yana kallo, iska tana kaɗa masa riga. Masuntan suna waƙa suna ja, mata da kwanuka a ka suna jira. Ya daɗe a haka.

"Shi ke nan?" ya ce.

"Shi ke nan, Baba."

"Ba laifi. Sayo wa uwarka kifi, mu tafi kar La'asar ta wuce."

Na sayo. Ya duba ya ce an cuce ni. Ya rasu a gida cikin damina ta gaba, da rana, Mma tana yi masa fifita.